Abin da Ya Fitar da Hikma Kafin Arba'in

Zango, Kumasi
Litinin, 10 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Yayata Hajiya Habsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Iliasu da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Rakiatu ta gaya mini kin fara taka tsakar gida ba sanda, na yi murna ƙwarai, Allah Ya ƙara sauƙi Ya sa kaffara ce. Mu nan Alhamdulillahi. Damina ta kankama, kusan kowace la'asar sai an yi ruwa, kwatar bayan gidanmu ta cika sau biyu amma Allah Ya tsare ba ta shigo ɗakuna ba. Na koma kan teburina na kayan yaji a kasuwar Kejetia, sai dai ba na isa da wuri kamar da, za ki ji dalili a gaba. Ɗana Jibirin yana Suame wajen gyaran motocinsa, yanzu ma aiki ya yi musu yawa saboda masu shirin tafiya arewa yin Babbar Sallah. Jaririyarsa takwararki kuwa ta yi kumatu, ta fara bin mutum da ido, kuma duk wanda ya san ki ya ce goshinki ne a fuskarta.

Yaya, saƙon muryar da kika aiko mini kwanakin baya na saurare shi sau uku. Kin ce Hamamatu ta gidanmu ta kira ki ta shaida miki cewa matar Jibirin tana yawo a gari kullum da jaririya cikin keke, alhali ko mako biyu ba ta cika da haihuwa ba, kika tambaye ni ko babu babba ne a gidan. Ban amsa miki a lokacin ba, na san kuma shirun ya ɓata miki rai. Ba raini ba ne. Kin san gidanmu, idan mutum ya yi tari a ɗakinsa sai na ƙarshen gida ya ce masa sannu, kuma abin da zan faɗa miki ba na tsakar gida ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, zan ba Alhaji Sulley mai motar goro ya kawo miki Kano. Hamamatu ba ta yi ƙarya ba, Hikma ta fita, kullum kuwa. Amma abin da ya fitar da ita Hamamatu ba ta sani ba, kuma ina so ki ji shi daga bakina.

Ba ki taɓa ganin Hikma ba sai a hoton biki, don haka bari in fara gaya miki ko wace ce. 'Yar Walewale ce, can arewacin ƙasar nan, Bamamprusa. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, gwaggonta ce ta riƙe ta, ita ma yanzu tsufa ya hana ta doguwar tafiya, shi ya sa ba a kai ta gida wanka ba, ta yi jegonta a hannuna. Tela ce, a nan Kumasi ta koyi ɗinki, a nan kuma ta koyi Hausa, har yau idan tana magana sai ta ce wa mace "ya zo", namiji kuma wani lokaci ta ce "ta tafi". Na sha yi mata dariya a kan haka. Siririya ce, ba ta da yawan magana, idan ta gaishe ki sai kin kasa kunne. Ba zan ɓoye miki ba, shekara biyu da muka yi da ita a gida ɗaya kallon mai laushi nake yi mata. Ina cewa a raina yarinyar kirki ce, amma ranar da wuya ta zo ba za ta iya ba.

Naƙuda ta kama ta mako biyu bayan ƙaramar Sallah, tun da asuba. Muka kai ta asibiti, aka yi ta fama har bayan la'asar, sai likita ya fito ya ce wa Jibirin yarinyar ta kwanta a karkace kuma ta fara gajiya, idan ba a yi aiki an ciro ta ba za a iya rasa su duka biyun. Jibirin ya sa hannu, aka shiga da ita, kafin magariba muka ji kukan takwararki. Washegari matan unguwa da suka zo barka suna yi mini sannu suna raɗa cewa 'yan matan yanzu ba sa jure naƙuda, da sun ji zafi sai su miƙa ciki a yanka. Ban faɗa da bakina ba, amma ban hana su ba, kuma a zuciyata na ɗan yarda da su. A rana ta huɗu aka sallame mu. Nas ta tsayar da ni da Jibirin ta yi mana bayani dalla-dalla: kada ruwa ya taɓa wurin ɗinkin, kada ta ɗauki abin da ya fi jaririyar nauyi, kada ta yi goyo, ta riƙa ɗan takawa kullum a hankali. Na gyaɗa kai na ce na ji.

Da muka dawo gida sai na fito da babbar tukunyar nan ta Inna, na sa aka yanko mini ganyen darbejiya, na hura wuta. A ganina ba zai yiwu a ce matar ɗana ta haihu a hannuna ba a gasa mata jiki ba, mutane su ce don ba ta da uwa aka wofintar da ita. Ranar farko da na tsoma tawul a ruwan zafi na nufi cikinta, ta riƙe hannuna a hankali ta ce Mma, haka muke kiran uwa a nan, nas ta ce kada a jiƙa wurin. Na ce mata da ruwan nan aka gasa ni haihuwa takwas, da shi aka gasa ki, da shi aka gasa Inna, kuma nas ɗin da take faɗa ban haife ta ba ne kawai amma na yi jika da ita. Ta saki hannuna. Safe da yamma nake yi mata, har ranar suna ban fasa ba. Ina danna tawul ɗin tana cije leɓe, ni kuma ina ce mata ta daure, haka kowa ya yi.

A rana ta goma da safe na shiga ɗakinta na tarar ta kasa tashi, jikinta kamar garwashi. Da na ɗaga rigarta na ga wurin ya kumbura ya yi ja, gefe ɗaya yana fitar da ruwa mai wari. Yaya, nan take na ƙwala wa Jibirin kira. Muka koma asibiti, suka riƙe ta kwana biyu, suka buɗe gefen ɗinkin suka wanke. Da za su sallame ta suka ce ciwon ba za a sake ɗinke shi ba, sai dai a riƙa wanke shi ana cusa auduga kowace rana har ya cike daga ciki, kuma idan aka yi wasa zai iya shiga jini. Suka ba mu takarda zuwa wani ƙaramin asibiti a Ashanti New Town, don ya fi kusa da mu. Ranar farko da muka je can, nas ɗin da ke wankin ciwo, wata Ba'asantiya mai suna Anti Akosuwa, ta duba wurin ta ɗago kai ta tambaya wa ya zuba wa ciwon nan ruwan zafi. Ina tsaye da takwararki a bayana, Jibirin yana bakin ƙofa. Kafin in buɗe baki Hikma ta ce ita ce, ta manta da abin da aka gaya mata, ta riƙa wanka tana gasa wurin da kanta. Anti Akosuwa ta yi mata faɗa da yarensu na Twi, faɗa mai zafi, a gaban duk matan da ke zaune a benci, ta ce ita ce irin waɗanda ke barin 'ya'yansu marayu saboda taurin kai. Hikma ta sunkuyar da kai ta karɓa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na yi shiru.

To kin ji abin da ya fitar da ita. Barin jaririyar a gida kuma ba zai yiwu ba, nono kaɗai take sha, layin asibitin kuma wani lokaci sai a yi awa uku. Fitarmu ta farko ba na son tuna ta. Da hantsi muka fita, rana ta riga ta yi zafi, muka tari tasi, direban ya bi ta gajeriyar hanya mai ramuka, duk ramin da muka faɗa sai in ga Hikma ta cusa mayafi a baki. Muka tarar da layi har waje. Takwararki ta ɓata jikinta, ashe na manta da kayan canji, ta yi ta tsala kuka, uwar ta rasa yadda za ta ɗora ta a ciki ta ba ta nono. Sai azahar muka dawo, ni da Jibirin muka ɗago Hikma a kan matakalar ƙofar gida kamar buhu. Na ce a raina idan haka za a yi kullum, yarinyar nan ba za ta kai mako ba.

Ta kwanta har la'asar. Ina tsammanin kuka take yi, ashe tunani take. Da ta tashi ta kira ni ta ce Mma, ta ga abubuwan da suka ba mu wahala yau, kuma in na yarda tana so gobe mu gwada wata hanya. Ta jera mini su ɗaya bayan ɗaya da Hausar nan tata, na ji kamar ba yarinyar da na sani ba. Ta ce mu riƙa fita da ƙarfe shida da rabi, kafin rana da cunkoson motoci, don mu zama na farko ko na biyu a layi. Ta ce za ta sha koko ta haɗiyi maganin rage zafi tun ana sallame sallar asuba, don ya kama jiki kafin a taɓa ciwon, sannan ta kwanta a gefe ta ba jaririyar nono ta ƙoshi dab da fita. Jaka kuma tun da yamma za a haɗa ta a rataye a bakin ƙofa, da ƙyallen ɗaura wa yarinya guda uku, da riga biyu, da zani, da ruwan sha, da katin asibiti, don kada a tsaya neman komai da safe. Ni zan goya, ni zan rataya jaka, ita ba za ta riƙe komai ba sai wani ɗan matashi da ta ɗinka a yammacin nan da allurar hannu, tunda ba ta iya taka keken ɗinki, ta cusa masa guntayen atamfa. Shi take dannawa a kan ciwon idan za ta tashi, ko za ta yi tari, ko mota za ta faɗa rami.

Maganar abin hawa ma ita ta warware. Ta ce wa Jibirin ya nemo mata Malam Abubakari, wani dattijo mai farin gemu da suke sahu ɗaya a masallaci, yana tuƙa keke mai ƙafa uku, wanda muke ce wa pragya a nan. Da ya zo ta gaishe shi ta roƙe shi ya riƙa bi da mu ta doguwar hanya mai kwalta ko da za a daɗe, kuma akwai wani wuri kusa da babbar kwata inda ruwa ya cinye titi, ta ce idan an zo nan ya tsaya ta sauka ta taka da ƙafa, ya jira ta a gaba. Na ce mata wannan ai ƙarin wahala ne, ta ce a'a, takawa magani ce, girgiza ce ba magani ba. Haka kuwa aka yi. Kullum sai ki gan ta ta sauka, matashi a ciki, tana takawa kamar mai tafiya a kan ƙwai, masu motoci suna danna mata oda, ko waiwaye ba ta yi. Matakalar gidanmu guda bakwai ta koyi saukarta a karkace, hannu ɗaya a bango, kowace taka da salati ɗaya. Katakon da ke kan kwatar ƙofar gida ta sa Jibirin ya ƙara masa wani don ya yi faɗi. A cikin keke ni take sawa a tsakiya, ta lulluɓe yarinyar da wani farin yadi marar nauyi saboda ƙura da hayaƙi da hannayen mutane, duk wadda ta miƙo hannu za ta buɗe sai ta yi murmushi ta ce a yi haƙuri tana barci. A asibiti kuma sau ɗaya Anti Akosuwa ta nuna mata yadda za ta sa yarinyar ta ƙarƙashin hammata a kan matashi ta sha nono ba tare da ta taɓa ciwon ba, daga ranar ita ke nuna wa sauran mata.

Kafin mako ya zagayo, ƙarfe takwas da rabi muna gida. Kada ki ɗauka zafin ya tafi ne. Na sha leƙawa ta labule in ga lokacin da ake ciro tsohuwar audugar, hawaye yana gangaro mata ta gefen ido har cikin kunne, amma ba za ki ji sautinta ba. Tana fitowa za ta share fuska ta tambaye ni ko na gaji da goyo. Akwai ranar da ruwa ya tsuge tun asuba, na ce yau kam a haƙura. Ta leƙa sama, ta yanke ledar shimfiɗa ta ɗaure a kan ciwon ta saman riga, ta ba ni babbar lema, ta ce Malam Abubakari ya yi alkawari zai zo, bai kamata ya zo ya tarar ba mu shirya ba. Ya kuwa zo, ya sauke labulen kekensa, muka je muka tarar mu kaɗai ne a asibitin.

A kwana na goma sha biyu da fara fitar, zazzaɓin sauro ya kayar da ni. Na tashi zan ɗaura zani jiri ya mayar da ni kan gado. Matan gidan duk sun fita kasuwa tun duhu-duhu, saura Hamamatu, ita kuma ta ce ba da hannunta za a fitar da jaririya kafin arba'in ba. Jibirin ya ce to a bari sai gobe, kwana ɗaya ba zai yi komai ba. Hikma ta ce masa an gaya mata fashin kwana ɗaya yana iya mayar da ciwon baya da mako guda, ita kuma so take ta warke ta goya 'yarta da kanta. Ta ɗauko wani zani da ashe ta riga ta ɗinka wa igiyoyi tun kwanaki saboda irin wannan rana, ta sa ya zauna a bakin gado, ta ɗora masa yarinyar a ƙirji, ta nuna masa yadda zai tallafi kanta, ta zagaya ta ɗaure masa ta baya. Kin san Jibirin da jin kai, kin kuma san keke ba ya shigowa lungunmu, dole sai an taka an wuce teburin mai shayi inda mazan unguwa ke zama da safe. Ta taga nake kallonsu. Suna hango shi aka fashe da dariya, wani ya ɗaga murya ya tambaye shi ko nonon ma shi zai bayar. Na ga ya tsaya cak, ya juya zai koma. Hikma ba ta kama shi ba, ba ta roƙe shi ba. Gaba ta yi da ɗan takunta har gaban teburin, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, sannan ta ce su sa mijinta a addu'a domin yau ba ta da ƙafa ba ta da baya sai shi. Wani tsoho a cikinsu ya ajiye kofinsa ya ce Allah Ya yi musu albarka, sauran suka amsa da amin. Jibirin ya gyara hularsa ya bi bayanta.

Kwana huɗu yana kai su. A rana ta biyu ne Anti Akosuwa ta sa shi ya shiga ya ga yadda ake wanke ciwon, ta ce ya kamata maza su riƙa gani. Ya dawo jikinsa a sanyaye, kuma kin san namiji idan tsoro ya kama shi sai ya koma faɗa. Ina kwance na ji shi ta bango yana ce mata da ta bi maganar likita da duk wannan bai same su ba, ta ja wa kanta, ta ja wa yarinya, ta kwantar da mahaifiyarsa da wahalar goyo. Na kasa kunne in ji me za ta ce. Ba ta ce komai ba. Yaya, zazzaɓin da ke jikina bai kai zafin wannan shirun ba. Na buga bango na kira shi. Da ya shigo na ce ya zauna, na gaya masa komai, tun daga tukunyar Inna har riƙe hannuna da ta yi, har ƙaryar da ta yi a gaban nas don ta rufa mini asiri. Ya tashi ya fita, na ji ya shiga ɗakinsu ya rufe ƙofa, abin da ya faɗa mata kuma ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Can bayan azahar sai ga ta ta shigo da kwanon koko tana dafa bango. Na ce ta zauna, na nemi gafararta, na tambaye ta me ya sa ta ɗauki laifin da ba nata ba har aka ci mata mutunci a gaban jama'a. Ta yi ta murza bakin zaninta, sannan ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa samun wanda ya tashi da asuba ya hura wuta saboda ita ba sai ni. Ta ce ta san ruwan zai iya yi mata illa, amma ta san ba don illa na dafa shi ba, kuma ba za ta iya miƙa sunana a yi mini faɗa a gaban ɗana ba. Ta ƙara da cewa ita ma tana da nata laifin, da ta dage a ranar farko da na bari. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Inna. Da na warke na koma raka ta, na samu Anti Akosuwa na gaya mata gaskiya ita ma. Ta wanke ni tas da Twi, na tsaya na sha, domin na ci bashin wannan faɗan tun tuni. Da ta gama sai ta ce ai ta daɗe da ganewa, macen da ke zuwa da ciwonta a tsaftace haka kullum kafin a buɗe ƙofa ba ita ce za ta zuba masa tafasasshen ruwa ba.

Kwana ashirin da uku muka yi muna wannan zirga-zirga, ba fashi ko ɗaya. Ranar ƙarshe Anti Akosuwa ta duba ta ce ciwon ya cike, ta tafa mata, matan benci suka taya ta. Goyo dai an ce ta ƙara haƙuri na wasu makonni, shi ne kaɗai abin da na ga yana damunta, wani lokaci sai in gan ta tana kallona da yarinyar a bayana. Mun yi arba'in lafiya ranar Asabar ta makon jiya, na dafa shinkafa da wake aka raba, kuma a gaban matan da suka taru na faɗi da bakina cewa duk wadda ta ce yankan ciki hanyar ragwaye ce ta zo in ba ta labari.

Saura abu ɗaya, gara ki ji daga wurina tun kafin a kira ki. Hikma ba ta daina fita ba. A makonmu na ƙarshe muna shirin barin asibiti sai ga wata mata ta shigo ita kaɗai, da jariri a goye, zanin ya ɗaure daidai kan ɗinkinta, rigarta duk ta ɓaci. Sunanta Fareeda, cikin matan nan ne masu dakon kaya a kai a Kejetia, mijinta yana arewa wajen noma, ita kuma tana kwana ɗaki ɗaya da 'yan uwanta masu dako waɗanda ke fita tun asuba. Ita ma aiki aka yi mata, ita ma ciwon ya ruɓe, da ƙafa ta tako. Hikma ta ji tana magana da jaririn da yarensu, ta matsa kusa da ita, kafin mu bar wurin ta gano ɗakinsu bai fi tafiyar minti biyar daga lungunmu ba. A hanya ta tambaye ni ko bayana zai iya ɗaukar ɗan wani. Na ce zai iya. Yanzu kullum shida da rabi Malam Abubakari yana ɗaukarmu mu uku, ni da ɗan Fareeda a baya, Hikma da takwararki a cinya, Fareeda a tsakiya tana danne da nata matashin da aka ɗinka mata. Idan an zo wurin kwatar nan su biyu suke sauka, Hikma tana riƙe da hannunta tana gaya mata inda za ta sa ƙafa. An ce saura kamar kwana goma ita ma a sallame ta. Jiya da muka sauka a bakin lungu na kwance wa Fareeda ɗanta na miƙa mata, na juya zan tafi, sai na ji ta ce Mma, Allah Ya kai mu gobe. Sai da na waiwaya ina neman wadda take kira.

Ki gaishe mini da Alhaji Iliasu da kyau, ki ce ina yi masa fatan Sallah lafiya. Ki gaida Rakiatu da maigidanta, da Khalidu da amaryarsa Fa'iza, da Latifatu in ta zo hutu, da Abdul-Manan wanda har yau bai kira ni ba tun da ya sami aiki. Jibirin yana gaishe ki, Hikma ma ta ce in miƙa gaisuwarta da ban girma, ba ta san abin da na rubuta ba, kuma ina roƙon kada ki nuna mata kin sani, kunya za ta hana ta sakewa da ke. A cikin ƙullin da Alhaji Sulley zai ba ki akwai citta da kanumfari da masoro, da man kaɗanya na shafa wa ƙafa. Ki sa mu a addu'a ranar Arfa, ki ambaci Fareeda da ɗanta a ciki. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam,
Ƙanwarki,
Azumi